Masu Tace Batir

A kasuwannin waya da kayan lantarki, daga Farm Centre ta Kano har zuwa Alaba ta Legas, akwai wani mulmulallen batir mai tsawon yatsa da ake zubawa cikin kwali ana sayarwa ɗai-ɗai. Shi ne a cikin tocila mai caji, shi ne a fanka mai caji da rediyo, shi ne kuma a cikin fawa banki da yawa. Ana ce masa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. A jikin ledar da aka naɗe shi ake rubuta yawan cajin da yake ɗauka, kuma daga nan ake fara yi wa mai saye ƙarya. Sai ka ga an dangwara 6800mAh, wani ma 9900mAh, da manyan lambobi da zanen harshen wuta. Duk duniya babu batir mai wannan girma da ke ɗaukar haka. Kamfanonin da suka fi kowa iya ƙera shi, irin su Panasonic da Samsung da LG da Murata, sun yi shekara da shekaru suna cusa sinadari cikin wannan ɗan gwangwani, amma mafi ƙarfin nasu yana wajen 3500 ne. Buga lamba a leda kuwa ba ya cin ko sisi.

Akwai mutanen da ledar ba ta ruɗarsu. Su ne masu gyaran laftof da fawa banki da masu haɗa batirin sola, waɗanda aiki ya tilasta musu koyon bambance batir na gari da na banza. A ganina sana'arsu tana cikin sana'o'in hannu mafiya zurfi da suka shigo mana a 'yan shekarun nan, kuma har yanzu ba a ba ta girman da ya dace da ita ba. A miƙo wa mutum abu a rufe, wanda in aka buɗe shi ya tashi aiki, amma ya gaya maka abin da ke cikinsa, ya kuma gaya maka yadda zai kasance nan da wata shida. Wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Ba za a gane wuyar aikin ba sai an san cikin gwangwanin. Da za a yanke shi (kada kowa ya gwada, yana kamawa da wuta) za a tarar da shimfiɗu ne aka ɗora kan juna aka nannaɗe kamar tabarma. Akwai fallen alminiyam da aka shafe da baƙin sinadari mai ɗauke da litiyam, haɗe da kobalt ko nikel ko manganis. Akwai fallen jan ƙarfe da aka shafe da girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. A tsakaninsu akwai wata farar leda mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kaurinta bai kai na silin gashi ba. An jiƙe su duka da ruwan batir. In ana caji, ƙwayoyin litiyam su ratsa farar ledar su je su maƙale cikin girafait. In ana shan wutar, su komo inda suka fito. Kai da komo ne kawai. Amma ran batirin da lafiyar mai shi duk sun rataya a kan farar ledar nan, domin ran da fallen biyu suka taɓa juna, cajin da ya kamata ya fita cikin awa biyar zai fita cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, a rufaffen gwangwani, kusa da ruwa mai cin wuta.

An sha wahala kafin a zo nan. Stanley Whittingham ya yi batirin litiyam mai caji a kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970, sai dai zallan ƙarfen litiyam da ke cikinsa yana tsiro da tsini yana jawo gobara. A 1980 John Goodenough, yana Jami'ar Oxford, ya nuna cewa haɗin litiyam da kobalt yana ba da wajen bolt huɗu. A 1985 Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya kawar da zallan litiyam ɗin ya sa sinadarin kabon a gurbinsa, batirin ya zama abin da mutum zai iya sawa a aljihu. Sony ta fito da shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2019, lokacin Goodenough yana da shekara 97.

Sanin sinadari daban, iya ƙerawa daban. Haɗin yana cikin littattafai, duk mai so zai karanta. Abin da ya raba masana'anta da masana'anta shi ne tsabta da daidaito. Shafen da ake yi wa fallen ƙarfe dole kaurinsa ya zo ɗaya tun daga farkon naɗi har ƙarshensa. Wuƙar da ke yanka fallen dole ta bar baki sumul, domin ɗan tsinin da ya saura zai iya huda farar leda bayan wata da watanni. Ɗakin da ake haɗawa da zuba ruwan batir ana busar da iskarsa har danshinta ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, saboda gishirin da ke cikin ruwan, in ya gamu da danshi, yana haifar da asid mai cin batirin ta ciki. Ko a tsakiyar hunturu a Kano, lokacin da leɓe ke tsagewa, iskar ta fi wannan danshi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da mai saye ba zai taɓa gani da idonsa ba: fallen girafait dole ya ɗan fi ɗan'uwansa faɗi, ya leƙo ta sama da ƙasa. In naɗin ya karkace har ɗayan ne ya leƙo, litiyam ɗin da ya taso daga wurin ba shi da masauki, sai ya taru a baki ya koma ƙarfe mai tsini, yana girma da kowane caji.

Ko an rufe gwangwani ba a gama ba. Cajin farko a hankali ƙwarai ake yinsa, domin a lokacin ne wata siririyar fata ke samuwa a kan girafait, wadda za ta kare shi iya rayuwarsa. Daga nan a jera batura a ɗaki a bar su kwanaki, wani lokaci makonni, a dawo a auna. Duk wanda cajinsa ya ragu ba tare da an taɓa shi ba, yana yoyo ta ciki, sai a fitar da shi. Zaman jiran nan kuɗi yake ci sosai, don haka mai neman araha ba ya son sa.

Manyan ma suna tuntuɓe. A 2006 kamfanin Dell ya janye batiran laftof miliyan 4.1 da Sony ta ƙera, kuma kafin ƙurar ta lafa adadin da aka janye a duniya ya kusa miliyan 10. Dalili: ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga cikin naɗi a masana'anta. Shekara goma bayan haka, a 2016, Samsung ta janye wayar Galaxy Note 7 miliyan 2.5, ta ba da wasu a madadinsu, su ma suka riƙa kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita, aka daina ƙera ta gaba ɗaya. Da kamfanin ya fitar da sakamakon bincikensa a Janairun 2017, bayan injiniyoyi 700 sun gwada wayoyi 200,000 da batura 30,000, sai aka ga kuskure biyu ne daban. A batirin farko kusurwar rigar ta yi wa naɗin kaɗan, ta lanƙwasa falle. A na biyu, tsinin walda ne ya huda leda. Abubuwa ne da ba su kai ƙwayar gero ba. To, in kamfani mai ɗaruruwan injiniyoyi da suna abin karewa zai faɗa wannan rami, ina ga wanda ba ya ko rubuta adireshinsa a kwali?

A nan akwai gyara da ya kamata a yi wa bakin kasuwa. Mun saba cewa “ɗan Chaina” in muna nufin jabu, alhali kamfanonin da suka fi kowa ƙera batirin litiyam a yau, CATL da BYD, na Chaina ne, kuma manyan masu ƙera motoci na duniya a wurinsu suke saye. Ƙasar tana yin mai kyau, tana yin na banza. Wanda ya je saro shi ya zaɓi abin da ya cika kwantena da shi, kuma sau da yawa ya san abin da ya zaɓa.

Jabun ba iri ɗaya ba ne. Wani sabo ne fil, amma naɗin da ke cikinsa gajere ne, bai cika gwangwani ba. An sha yanka irinsu a tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran wurin da gari ko yashi don ya yi nauyi. A fawa banki ma ana yin haka: gwangwani huɗu a jere, ɗaya ko biyu ne masu rai, sauran yashi. Wani kuma batir ne na babban kamfani da ya faɗi gwajin masana'anta, aka sayar da shi a bayan fage, aka sa masa sabuwar leda. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne tsohon batir na asali da ya yi shekaru a cikin laftof ko keken lantarki, aka ciro shi, aka goge, aka sake masa riga. Nauyinsa daidai, ƙirarsa daidai, ƙarfinsa ne ya tafi.

Ga yadda gwanin yake bi da su.

A gabansa akwai kwali cike da matattun batiran laftof na da, irin dogayen nan masu baƙar roba. Ya san abin da mai laftof bai sani ba: yawancinsu batura shida ne a ciki, biyu-biyu a layi uku, kuma in biyu suka gaza, allon da ke kula da su yana rufe hanyar duka. Huɗun da suka saura wataƙila lafiyarsu ƙalau. Yakan murɗa robar da hannu biyu har ta tsage a ɗinkinta, ya sa filaya ya yanke ƙarafan haɗi ɗaya bayan ɗaya, yana kula kada bakin filayar ya haɗa sama da gefe. Abin lura ne sosai, domin gwangwanin gaba ɗayansa, daga gindi har kafaɗa, negatib ne. Ɗan maɓallin sama kaɗai ne fositib, kuma abin da ya raba su ɗan zobe ne da leda. Yaron shago da ya fara koyo, wannan ne darasinsa na farko, kuma tartsatsin farko da ya gani yakan ishe shi.

Sai ido. Yana juya kowane batir a haske. Mai lotsawa, waje. Mai tsatsa a wuya, waje. Yakan kai hanci kusa da kan, domin ruwan batir yana da wani wari mai zaƙi-zaƙi, in ya ji shi to murfin ya buɗe. In kuwa batirin da aka kawo masa a matsayin sabo ne, gindin yake fara dubawa. Batirin da aka taɓa haɗawa a cikin wata na'ura yana da tabon walda, 'yan ɗigo-ɗigo inda aka liƙa ƙarfe. Masu sake riga suna goge su da sanfefa, amma gogewar ma tana barin nata sawu, wurin ya yi ƙyalli daban da sauran. Kowane babban kamfani yana da irin ƙirar kansa da irin rubutun da yake bugawa a jikin gwangwani a ƙarƙashin leda, kuma wanda ya riƙe dubbai a hannunsa ya san su kamar yadda ya san fuskokin maƙwabtansa a layi.

Sai sikeli, ɗan ƙarami na lantarki irin na masu sayar da gwal. Batirin 18650 na kirki mai ɗaukar caji da yawa yana auna giram 45 zuwa 49. Sinadarin da ke riƙe caji nauyi gare shi, babu dabarar da za ta sa a sami caji mai yawa a gwangwani mara nauyi. Wanda aka rubuta wa 9900 sau da yawa in ka ɗora shi ba ya kaiwa giram 35. Sikeli ba ya kama mai yashi, amma yana kama da yawa, kuma cikin daƙiƙa biyu.

A kan mita ne ake cutar mutane da yawa, kuma wani lokaci mai sayarwar ma bai san cuta yake yi ba. Ka ce masa kana shakka, sai ya jawo mita ya ɗora wayoyin ja da baƙa, lamba ta fito 4.1, ya juyo maka da ita: “Alhaji, ka gani da idonka, a cike yake.” Gaskiya ne a cike yake. Amma bolt yana faɗin ko batir ya cika ne, ba ya faɗin nawa ya ɗauka kafin ya cika. Mai 500 da mai 3500 duk 4.2 suke nunawa in an cire su daga caja. Gwani yana duba bolt don wani dalili daban: yana son sanin yadda aka wulaƙanta batirin a baya. In ya tarar da shi ƙasa da bolt biyu, ya san ya daɗe a zube, kuma a irin wannan hali jan ƙarfen ciki yana narkewa cikin ruwan batir, in aka sake caji ya sake daskarewa inda bai kamata ba. Irin wannan batir zai iya karɓar caji ya yi aiki kamar ba komai, sannan wata rana ya tashi da wuta a ƙarƙashin matashin kai. In kuma mita ta nuna sifili, galibi wani ɗan faifai ne a ƙarƙashin kan ya ɗaga ya yanke hanya, kuma an yi shi ne don ya ɗaga in iska ta taru a ciki. Akwai masu zura tsinke su danna shi ya koma, batir ya “farfaɗo”, su sayar. Gwani na gaskiya ba ya yin wannan. Ya san faifan bai ɗaga a banza ba.

Wanda ya tsallake wannan sai a auna turjiyar cikinsa, wato yadda batirin kansa yake tare wutar da ke fita daga gare shi. Ana auna ta da miliom, da wata na'ura mai tsinke biyu a kowane gefe. Sabon batir na kirki yakan nuna tsakanin 15 da 50, gwargwadon aikin da aka ƙera shi domin shi. Tsoho ko jabu yakan haura 100. Lambar ƙarama ce amma lissafinta babba ne. A ce injin huda yana jan amfiya goma. Batir mai miliom 20 zai zubar da wat biyu a matsayin zafi a cikinsa. Mai miliom 100 zai zubar da wat goma, kuma ƙarfinsa zai faɗi da bolt guda cur da zarar an danna maɓalli. Shi ya sa za ka ga fitila ta nuna caji a cike amma ta dushe da an kunna ta. Kafin wannan na'ura ta yi araha, da bayan hannu ake ganewa, kuma har yanzu gwanaye ba su daina ba: ana cikin caji sai ka ga ya bi layin batura yana taɓa kowanne da bayan yatsu. Batir mai lafiya a caji mai sauƙi ɗumi kawai yake yi. Wanda ya yi zafi, musamman bayan ya kusa cika, yana cin wutar ne a cikinsa, kuma ba ya kwana a shagon a kan caja.

Gwajin da ba ya karɓar rantsuwa shi ne na zuƙewa. A cika batir zuwa 4.2, sannan na'ura ta riƙa jan wuta daidai wa daida tana ƙirgawa har ya sauka zuwa wajen bolt uku. In ana jan miliamfiya 500, batir mai 3000 zai ɗauki awa shida. Babu gajeriyar hanya. Na'ura mai gurbi huɗu, in an haɗa da lokacin caji, batura nawa za ta gama a yini? Ga kuma ɗauke wuta, wanda in ya faɗo a tsakiya sai a sake daga farko, shi ya sa masu wannan aiki sukan ɗora na'urorinsu a kan inbata. In an gama, ya ɗauki maka ya rubuta ainihin lambar a jikin batirin da hannunsa: 2140, 1870, 960. Ya kwatanta da abin da kamfanin ya ce batirin yana ɗauka yana sabo. Wanda ya riƙe kashi 80 cikin ɗari ko fiye yana da sauran aiki a gaba. Wanda ya gaza haka sai ƙaramin aiki, irin tocila.

Daga nan sai abin da ya fi burge ni a sana'ar, domin a nan ne mai shago a lungun kasuwa yake yin daidai abin da masana'anta take yi. Yana sake cika su, ya rubuta ranar, ya jera su a kwali ta yadda kawunansu ba za su taɓa juna ba, ya ajiye mako biyu, uku, wani har wata. Kuɗinsa ne a kwance, ga masu saye suna zuwa suna tambaya. Yaronsa zai ce, “Maigida, ai waɗannan sun ci gwaji, mu ba su mana.” Shi kuwa ya ce a bari su cika kwanakinsu. Batir mai lafiya zai sauko kaɗan daga 4.2 ya tsaya cak. Wanda aka dawo aka tarar ya gangaro ƙasa da huɗu, akwai wata 'yar hanya da ta buɗe tsakanin fallensa biyu, ko ɓurɓushin ƙarfe ko tsinin litiyam, kuma irin wannan hanya faɗi take ƙarawa. Ido bai gan ta ba, sikeli bai gan ta ba, gwajin awa shida ma bai gan ta ba. Sai jira.

Haɗa su kuma wani fanni ne. In an jera batura a layi don a sami bolt 12 ko 48, mafi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran hukunci: shi zai fara cika, shi zai fara ƙarewa, shi zai fi shan wahala har ya mutu ya ja sauran. Don haka gwani yana zama da lambobin da ya rubuta yana rarraba su, mai 2100 nan, mai 1900 can, har jimillar kowane rukuni ta zo kusan ɗaya, turjiyarsu ma ta yi kusa da juna. Ba ya liƙa su da dalma, domin zafin ƙarfen dalma yana daɗewa a kan gwangwani ya ratsa zuwa farar ledar ciki, wadda ke fara narkewa a wajen digiri 130. Walda mai ɗigo yake yi, wadda ke gamawa kafin ƙiftawar ido. Ko siririn ƙarfen haɗin ma akwai jabunsa: ana sayar da baƙin ƙarfe da aka yi wa wankan nikel a matsayin zallan nikel, kuma maganaɗisu yana kama duka biyun. Sai ya kankare guntu ya jefa a ruwan gishiri ya kwana biyu. In ya yi tsatsa, an gane. A ƙarshe ya ɗaura allon kariya, wanda ke yanke caji in wani rukuni ya cika, ya yanke fita in wani ya yi ƙasa. Haɗin da ba shi da wannan allo, ko mai allon da aka tsallake da waya don kada ya riƙa “damun” mai shi, bai kamata ya shiga ɗakin da yara ke kwana ba.

Wani ɓangare na gwanintar shi ne sanin lokacin da ba a cuci mutum ba. Hajiya ta zo da fawa banki mai 10,000mAh tana faɗa, wayarta mai 5000 ce amma ko sau biyu ba ya cika ta. Mai gyara na kirki zai ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kam lafiyarsa lau,” ya yi mata lissafi. Lambar 10,000 a kan bolt 3.7 na baturan ciki aka ƙirga ta. Kafin wutar ta fita ta kebul sai an ɗaga ta zuwa bolt biyar, ta shiga waya a sake sauke ta, kuma kowane juyi yana cin nasa a zafi. Abin da ke isa batirin waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Cika ɗaya da 'yan kai, shi ne gaskiyar kayan. Wanda za a yi wa faɗa shi ne mai sayar da abin da bai wuce tafin hannu ba, mara nauyi, an rubuta masa 50,000.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a Mayun 2023, gidaje da shaguna suka karkata zuwa sola, kuɗin da ke cikin wannan magana ya tashi daga na tocila ya koma na miliyoyi. Batirin sola na litiyam yawanci wani iri ne, mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda kowace ƙwayarsa bolt 3.2 ce. Ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, yana kuma yin caji dubbai kafin ya gaji, abin da ya dace da yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Agadas, domin zafi yana tsufar da kowane batirin litiyam da wuri. Amma hanyoyin cutar ba su canja ba, hanyoyin ganewa ma haka. Akwatin da aka ce kilowat-awa 5.12 ne dole a sami ƙwaya 16 masu amfiya-awa 100 a cikinsa. In 15 ne, 4.8 ka saya. Nauyinsa ya kamata ya kai kilo arba'in ko fiye, in ka ɗaga shi da hannu ɗaya ka san akwai magana. Manyan kamfanoni suna buga wa kowace ƙwaya tambarin lamba da ke nuna ranar ƙira, kuma in gwani ya kwance murfi ya ga an kankare tambarin, ko ya ga cikin ƙwayoyin ya ɗan kumbura, ya san ko dai sun faɗi gwaji ko sun yi aiki a wani wuri kafin su zo.

Sana'ar tana da iyaka, kuma gwanayen cikinta su ne suka fi saurin faɗin haka. Karkacewar naɗi ko tsinin walda da bai huda leda ba tukuna, babu mita a kasuwa da za ta nuna shi. Sai na'urar ɗaukar hoton ciki irin ta asibiti, wadda manyan masana'antu ke amfani da ita. Saboda haka ne za ka ga gwani ya fi yarda da tsohon batirin babban kamfani da ya gwada da hannunsa a kan sabo fil wanda ba a san mahaifarsa ba. Na farko ya san an naɗe shi daidai tun asali, abin da ya rage masa shi ne auna tsufansa, kuma wannan ya iya. Na biyu ko ya ci gwajin yau, bai san abin da ke kwance a cikin naɗinsa ba.

Sauran magana ita ce ta waɗanda suka faɗi gwaji, kuma suna da yawa. Akwai mai zuwa ya saye su a kilo, kuma kowa ya san wasunsu sabuwar leda za su sha su dawo kasuwa da 9900 a jikinsu. Mai amana yana zuƙe cajinsu, ya manne kawunansu da salatif, ya ware su a bokitin ƙarfe mai yashi nesa da sauran kaya. Ba ya zuba su a bola, inda ake cinna wa shara wuta yara na tsince-tsince a gefe, domin batirin da ya ji wuta yana fashewa ya yi tsalle, hayaƙinsa kuma guba ne. Wuraren da ke narkar da irin waɗannan batura su ciro kobalt da nikel da jan ƙarfe sun yi mana ƙaranci, kuma wannan ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Abin da bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba shi ne tebur guda a bakin layi, da sikeli, da na'urar auna turjiya, da na'urar zuƙewa mai gurbi huɗu, waɗanda kuɗinsu gaba ɗaya bai wuce na waya ɗaya mai matsakaicin kyau ba, a ɗora wani gwani a kai, duk dilan da ya sauke kwali a zaro guda biyar a gwada kafin ya fara sayarwa.